Ƙanen matata ya kawo mini allurar ƙona kitse, ita kuwa ta ce ba a firigonta ba

Salamu alaikum Likita, ya aiki, ya zafi. Ni haifaffen Tawa ne, aiki ya kawo ni Yamai, shekaruna 45. Da ina saurayi na yi kokawa, ba ta takobi ba, ta dandali bayan girbi, amma a unguwarmu ba a cika kai bayana ƙasa ba. Yau daga mota sai buro, daga buro sai fada. Nauyina kilo 96, in na hau bene sai na tsaya na huta, a gida ma ƙarfin ba kamar da ba, ka gane abin da nake nufi. Watan jiya na yi awon jini da safe ban ci komai ba, sukari ya nuna 1,18. Likitan ya ce ban kamu ba tukuna, amma ina bakin ƙofa. Mahaifina ciwon sukari ne ajalinsa, sai da aka yanke masa ƙafa, ni na yi jinyarsa.

Ƙanen matata yana sayayya a waje, yana kuma zuwa gidan ɗaga ƙarfe. Da ya ji labari sai ya kawo mini ƴan kwalabe huɗu na wata allura, MOTS-c. Ya ce ba irin maganin nan mai illa ba ce, abu ne da jiki ke yi da kansa, tana ƙone kitse, ta sauke sukari, ta ba mutum numfashin ɗan tsere ko bai yi gudu ba. Shi ma yana yi. Kuɗinsu jaka 80, na ba da 40. Uwargida ta ce ba za su shiga firigonta ba, ta san ƙanenta da saurin ɗaukar zance. Kwana biyu ke nan muna ƴar tsama. Ɗana na fari mai shekara 17 yana wasan tekwando, ya ji zancen, ya ce in na fara in rage masa. Likita, in yi ko in bari? In kuma bari ne, da wane baki zan mayar wa yaron da ya yi don ya taimake ni?

Ɗan Tawa a Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, kai kuma ya ba ka ladan jinya. Wanda ya zauna gaban mahaifinsa yana wanke masa gyambo safe da yamma, ba zai ga 1,18 a takardar awo ya kwana da daɗi ba. Na ji tsoron da ke cikin wasiƙarka, kuma ban raina shi ba.

Ga amsata tun kafin in yi nisa: kada ka yi allurar nan ko sau ɗaya, kada kuma ta kusanci jikin yaronka. Uwargida tana kan gaskiya. Sai dai ƙanen nata ba ƙarya zalla ya shirya maka ba. Akwai bincike na gaske a bayan sunan nan, kuma ina son ka san inda binciken ya kai da inda ya tsaya, don in ba haka ba, baɗi wani zai zo da wata kwalba mai wani suna, ka sake shiga wasi-wasi.

Cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitokondiriya. Ɗauke su a matsayin murhun ƙwayar. Nan ake kai sukari da kitsen da ka ci, a haɗa su da iskar da ka shaƙa, a fitar da ƙarfin da zuciya ke bugawa da shi, ƙafa ke taka bene da shi. Naman da ya fi aiki shi ya fi yawansu, shi ya sa tsokar zuciya ke cike da su. Suna da nasu kundin gado daban da na sauran ƙwayar, ƙarami, mai ƙwayoyin gado 37 kacal, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Naka daga mahaifiyarka ya zo, na ɗanka daga uwargida.

An daɗe ana zaton aikinsu samar da ƙarfi ne kawai. A 2001 masu bincike a Jami'ar Keio ta Japan, suna cikin nazarin cutar mantuwa ta Alzheimer, suka gano wani guntun furotin da suka raɗa wa suna humanin, wanda umarnin ƙera shi ke rubuce a wannan ƙaramin kundi. Irin waɗannan guntaye su ne peptid, wato gajeren jerin sinadaran amino. Na humanin 24 ne. A 2015 Changhan Lee da Pinchas Cohen na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka bayyana wani mai 16, shi ne MOTS-c ɗin da aka kawo maka. Suka ɗora ɓeraye kan abinci mai maiƙo sosai. Waɗanda aka bari haka nan suka yi ƙiba, jikinsu ya daina jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin nama, yadda ya kamata, wato hanyar da ke kai mutum ga ciwon sukari. Waɗanda ake yi wa allurar kuwa ba su tara kitsen ba, namansu ya ci gaba da jan sukari daga jini. An ga abin yana tayar da wani sinadari mai suna AMPK, wanda aikinsa shi ne ya lura in ƙarfi ya yi ƙasa a ƙwaya, ya sa a jawo sukari, a ƙona kitse.

A 2021 masu binciken nan suka sake fitar da wani sakamako. Sun yi wa tsofaffin ɓeraye allurar, suka sa su gudu a kan inji, sai ga su sun kusan ninka abin da tsararrakinsu ke iya yi. Wannan labarin ne ya zaga duniya har ya zama "numfashin ɗan tsere ko bai yi gudu ba" a bakin surukinka. To amma a cikin binciken akwai ɓangaren mutane, wanda masu talla ba su cika kawowa ba. Samari 10 aka sa suka tuƙa keken motsa jiki, aka ɗebi ɗan naman cinyarsu kafin su fara da bayan sun gama, aka tarar MOTS-c ɗin da ke cikin naman ya ƙaru kusan sau 12. Ka lura da kyau, ba a yi wa ko ɗayansu allura ba. Gumi suka yi, jikinsu ya ƙera abin da kansa, a cikin naman da ke aikin, a lokacin da yake aikin. Abin da aka gani a jikin ɗan Adam ke nan: motsa jiki yana kawo MOTS-c. Cewa na kwalba yana maye gurbin motsa jiki, wannan a ɓera aka tsaya.

Ɓeran ɗakin gwaji kuwa jinsi ɗaya ne, abinci ɗaya, ɗaki ɗaya, ana auna masa magani daidai da nauyinsa, a duba shi na ƴan makonni. Ko magungunan da suka wuce wannan mataki aka fara gwada su a jikin mutane, kusan 9 cikin 10 ba sa kaiwa kasuwa, wasu don ba su yi aiki ba, wasu don illa ta bayyana. Wani kamfanin Amurka mai suna CohBar, wanda Cohen ɗin nan yana cikin waɗanda suka kafa shi, ya yi ƙoƙarin mai da binciken magani. Bai ma yi amfani da MOTS-c ɗin kansa ba, wani ɗan'uwansa da aka gyara ya ƙera, CB4211. Aka gwada shi na mako 4 a kan mutum 20 masu ƙiba da kitse a hanta. An ga ƴan alamu masu daɗi a awon jini, an kuma ga kumburi inda allura ta shiga, kitsen hantar kuwa bai ragu fiye da na waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki ba. Maganin bai zo kasuwa ba. Mutanen da suka fi kowa sanin abin nan, da kuɗinsu da ɗakunan gwajinsu, iyakar inda suka kai ke nan.

Akwai wani peptid ɗin da ke aiki a kan mitokondiriya, elamipretide, wanda a wuraren ɗaga ƙarfe ake tallarsa da suna SS-31, mai yiwuwa shi ne kwalba ta gaba da za a nuna maka. An gwada shi na mako 24 a kan mutum 218 masu ciwon mitokondiriya na gado da ke raunana nama, aka auna nisan da suke iya tafiya cikin minti 6. Ba su wuce waɗanda ba su sami maganin ba. A Satumban 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta ba shi izini, amma don cuta ɗaya tak, ciwon Barth, wata cutar gado da ba kasafai ake gani ba, mai kama yara maza. MOTS-c kuwa babu hukumar magunguna da ta yarda a yi wa mutum shi don ƙiba, ko sukari, ko ƙarin kuzari.

Zancen cewa jiki ke yin sa don haka ba ya cutarwa, shi ne ya fi damuna, don yana shiga kunne da sauƙi. Insulin ma jiki ke yin sa. Kai da ka yi jinyar Baba ka san abin da ke faruwa in an zarce awo: gumi, karkarwa, suma, wani lokaci rai. Jiki yana sakin irin waɗannan abubuwa kaɗan-kaɗan, ya tsayar in sun isa. Sirinji ba ta da wannan hankalin.

Yanzu ɗauko ɗaya daga kwalaben ka ɗaga ta a haske. Ba ta kai tsawon babban yatsanka ba, murfin roba da zoben ƙarfe, ɗan farin gari a gindi wanda ko bakin cokali ba zai rufe ba. Juya ka karanta takardar da ke manne. Irin waɗannan kusan duka suna ɗauke da rubutu da Ingilishi cewa don binciken ɗakin gwaji ne kawai, ba don jikin mutum ba. Mai sayarwa ne ya cire kansa daga alhaki tun kafin ka biya. Aikina shekara da shekaru shi ne karɓar magani da ajiye shi da miƙa shi. Allura ta gaskiya tana da lambar izini, da lambar rukunin da aka ƙera ta, da kamfanin da za a iya kamawa in an sami matsala. An auna an tabbatar babu ƙwayar cuta a ciki, babu kuma dafin ƙwayoyin cuta, wanda ko sun mutu yana sa zazzaɓi da rawar ɗari. Wannan garin da ke hannunka, ba kai ba, ba surukinka ba, babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Takardar shaidar inganci da ake turowa ta WhatsApp, wanda ya sayar ne ya turo ta.

Ko da a ce na gaske ne, peptid abu ne mai saurin lalacewa. In an dama shi da ruwa sai an ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8. Ka tuna tafiyar da ya yi cikin jakar kaya kafin ya zo hannunka, ka tuna Yamai a watan Afrilu da zafi ke wuce 40, ga kuran yana ɗaukewa.

Wani matashi ya taɓa shigo mini farmasi da yamma yana neman maganin zogi. Ya ɗaga riga ya nuna mini gefen cibiyarsa: kumburi ja mai sheƙi, in ka kai hannu kusa kana jin zafinsa, tsakiyar ta fara laushi. Allurar ƙarfi yake yi wa kansa, sirinji ɗaya shi da abokinsa. Na sa aka kai shi asibiti aka tsaga wurin. Ƙurjin ya warke, amma sirinjin ce ta tsaya mini a rai, don ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan, kuma bakin allura hanya ce gare shi. Kai kuma da sukarinka ke hawa, ka fi wancan yaron dalilin gudun duk abin da zai buɗe maka rauni a fata.

Mu a Nijar ba labari aka ba mu ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutum fiye da dubu 50 rigakafin jabu da babu magani a cikinsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta rai 2500 suka salwanta dalilin haka. Wannan da tambarin manyan kamfanoni a jikinsa ya zo. A 2017 hukumar ta ce kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko maras inganci. Mun kuma ga abin da tramol ya yi wa samarinmu, shi ma da sunan maganin gajiya ya shigo.

Batun yaronka ba shi da tsawo. Hukumar da ke yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta rubuta sunan MOTS-c ƙarara a jerin haramtattu tun na 2025, ko a gasa ko a lokacin atisaye, kuma hukuncin na iya kaiwa dakatarwar shekara 4. Duk yaron da ke tekwando a Yamai yana kallon Abdulrazak Isufu Alfaga, wanda ya kawo mana azurfa daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. A matakin da ya kai ana awon fitsari da jini, kuma ba a karɓar uzurin "baba ne ya ba ni". Ga shi jikin ɗan shekara 17 bai gama ginuwa ba. Kada ka yi masa tsawa. Yaron da ya fito fili ya roƙi ubansa, bai koyi ɓoyo ba tukuna, wannan alheri ne. Zaunar da shi ka ce ka bincika ka fasa, ka faɗa masa dalili, sannan ka tambaye shi a hankali me yake gani yana yawo a hannun abokan wasansa. Za ka ji abin da ba ka zata ba.

To me za ka yi da tsoron? Nan ne nake son ka ba ni hankalinka, don abin da ke hannunka ya fi abin da ke cikin kwalba ƙarfin hujja nesa ba kusa ba. Tun 1967 wani masani a Amurka, John Holloszy, ya nuna cewa gudu a kai a kai yana kusan ninka ƙarfin aikin mitokondiriya a cikin naman ɓeraye, kuma daga baya an tabbatar da haka a jikin mutane, har da tsofaffi. Sannan a 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka, na mutum fiye da dubu 3 da ke daidai inda kake, sukari ya hau amma bai kai ciwo ba. An bi su kusan shekara 3. Rukunin da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Rukunin da aka ba ƙwayar metformin, maganin sukari, ta ragu da kashi 31. A Finlan an yi makamancinsa, shi ma 58 aka samu. Mutane ne masu tumbi da buro da gajiya irin taka.

Mu mayar da shi kanka. Awon safe daga 1,10 zuwa 1,25 gram a lita shi ne bakin ƙofar da likitanka ya faɗa, daga 1,26 in ya maimaitu an shiga. Kashi 7 na kilo 96 bai cika kilo 7 ba. Ba a ce ka koma jikin da ka yi kokawa da shi ba, kilo 89 ake nema, cikin wata shida, ba cikin mako biyu ba. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a mako. Bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe shi ne lokacinka, ko a unguwa ko wajen filin wasa na Seyni Kunce inda ba za ka rasa abokan tafiya ba. Saurin da ake so shi ne wanda kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Makon farko minti 15 ya isa, don tsohon ɗan kokawa yana da haɗari ɗaya, zuciyarsa na tuna ƙarfin da gwiwarsa ta manta. Ƙara da tafiyar minti 10 bayan tuwon dare, tana rage hawan da sukari ke yi bayan cin abinci. Kwana biyu a mako ka ba naman aiki mai nauyi: tsuguno da miƙewa, danna ƙasa da hannu, ɗaukar jarkar ruwa. Nama shi ne ya fi kowane sashe na jiki shanye sukari bayan an ci abinci, kuma wanda ya taɓa gina shi yana saurin dawo da shi. Ka sa ɗanka ya riƙa ƙirga maka. In ka ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ka tsaya, ka ga likita a ranar.

Fada ce wurin da za a yi kokawar gaske. Ba zan ce ka bar ta ba, namiji yana bukatar inda zai zauna da ƴan'uwansa, kuma wanda aka raba da mutanensa ba ya daɗewa kan kowace doka. Amma ka ƙirga abin da ke shiga cikinka tsakanin magariba da sha ɗaya: shayi na fari, na biyu, na uku, kowanne an narka masa sukari har yana danƙo, wani ya aika a sayo lemun kwalba, ga nama da burodi. Ƙwayar sukari ɗaya kusan gram 5 ce, lemun kwalba na santilita 33 yana ɗauke da kusan gram 35, wato ƙwaya bakwai a shaƙa ɗaya. Ka ce wa mai dafa shayi ya zuba maka naka kafin ya sa sukari, kofi ɗaya ya ishe ka. Za su yi maka ba'a kwana biyu. Ka gaya musu yadda Baba ya ƙare, za ka ga an yi shiru, kuma ina tabbatar maka akwai wani a zaune nan da ke ɓoye tasa takardar awon. A gida kuma ba sai an dafa maka tukunya daban ba. A rage tulin shinkafa da rabi, a cike gurbin da wake da zogale da miyar ganye, fura a dama ta ba sukari, lemu ya zama na ranar suna.

Gajiyar da kake ji da abin da ka ambata na gida, kada ka bar su a wasiƙa. Koma wurin likitanka ka faɗa masa da bakinka, ba abin kunya ba ne a ɗakin likita. A auna tansiyo, da kitsen jini, da ƙoda, da yawan jini. Ka tambayi uwargida ko kana minshari har numfashi ya riƙa yankewa, don wannan yana kawo gajiyar rana da hawan jini ga masu ƙiba. Raunin namiji a shekarunka sau da yawa daga jijiyoyin jini yake, abin da sukari da tansiyo da tumbi da taba ke ɓatawa, kuma yakan gyaru in an gyara su. Maganin ƙarfi na kan tebur ka yi nesa da shi. In likita ya ga ya dace ya rubuta maka metformin, ka karɓa. Tun 1957 aka fara amfani da shi a Faransa, yana da araha, an san amfaninsa an san illarsa, kuma yana cikin abubuwan da ke tayar da AMPK ɗin nan da ake yi maka talla.

Saura surukinka. Zumunci a ƙafa yake, don haka kada ka aika saƙo, kada kuma ka bar yayarsa ta isar, sai abin ya koma faɗan ƴan ɗaki ɗaya. Ka je ka same shi shi kaɗai. Ka fara da godiya, kuma ta gaskiya, don ya ji ciwonka ya motsa alhali wasu addu'a kawai suka yi. Ka ce masa: "Na kai maganar gaban likita, ya hana ni saboda sukarina, kuma ya nuna mini ba a gama gwada abin nan a jikin mutane ba. Ni yanzu kai nake ji wa tsoro." Ka nuna masa rubutun da ke jikin kwalbar, ku karanta tare. Ba ka ce ya cuce ka ba, ba ka ce shi wawa ne ba, ka mai da shi wanda ake kulawa da shi. Yaro mai zuciya irin tasa yakan ji wannan.

Kuɗin kuwa, da ni ne sai in bar masa jaka 40 ɗin. In ya riga ya biya sauran daga aljihunsa kuma kana da hali, ku raba asarar, da sharaɗin kwalaben ba za su koma hannun wani ba. Ka kai su farmasi a haɗa da magungunan da za a lalata, kada a jefa a bola inda yara ke tone-tone. Ka roƙe shi ya dakata da tasa allurar. In ya taɓa haɗa sirinji da wani, ya je a yi masa awon ciwon hanta B da C da na sida. In ya ga kumburi, ko zazzaɓi, ko ƙaiƙayi a jiki, ya tafi asibiti da kwalbar a hannunsa.

Uwargida kuma ka same ta yau, ba gobe ba. Ka ce mata ta yi daidai. Mace ba ta hana mijinta abin da ƙanenta ya kawo sai in tsoron rasa mijin ya fi mata kunyar ƙanen. Ka faɗa mata abin da ka faɗa mini game da Baba, don mai yiwuwa ba ta san nauyin da kake ɗauke da shi ba, tana ganin taurin kai ne kawai. Ludayin gidan a hannunta yake, rabin aikin nan ba zai yiwu ba sai da ita.

Bayan wata uku ka sake awon safe, ka nemi a haɗa da awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jininka na wata biyu zuwa uku, daga kashi 6,5 ake kiran sa ciwo. In kafin nan ka ga ƙishirwa ta yi yawa, kana tashi fitsari sau da yawa da dare, ko kana rama ba dalili, kada ka jira wata ukun su cika.